Tara Cikin Arba'in

Shekarar da ruwa ya ci Jidda, ranar Laraba ana gobe hawan Arfa, shekarata ashirin da uku ke nan ina aikin birwaz, wato yi wa hoto firam. A ranar na gane ban gama koyon aikin ba.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona a Madain Fahd bayan la'asar. Rannan na ji ɗayanku yana cewa, "Ya ammi, wallah shugul basiɗ, itace huɗu da gilashi, halas," wato aiki ne mai sauƙi. Ban yi masa musu ba, don ni ma haka na ce lokacin da na zo. Malaminmu na makarantar manya ya ce kowa ya rubuta abin da ya fi sani. Ni kuwa abin da na fi sani shi ne yadda mutum zai shekara ashirin yana aiki daidai, sannan ya zubar da shi a cikin minti ashirin.

Na zo Umra da azumi ina da shekara ashirin da biyu, na ce bari in ɗan tsaya in yi abin tsaraba. Har yau ina tsayen. Wanda ya ɗauke ni aiki wani tsoho ne mutumin Yaman, Ammi Salim, shi ke riƙe da wannan shagon a lokacin. Birwaz ɗin farko da ya bar ni na haɗa na takardar shaidar wani ɗan makaranta ne. Na auna, na yanka, na shafa gam, na ɗaure da matsi, na buga ƙusa, na miƙa masa ina jiran yabo. Ya kai shi bakin ƙofa, ya ɗaga shi saitin rana. Haske ya ɓullo ta kusurwa ɗaya, siriri kamar gashi. Ya karya shi a gwiwarsa ya ce, "Marra tanya, ya waladi," wato sake, ɗana. Sau shida na sake shi. Na bakwai ne ya sa a leda.

Kayan aikin ba su da yawa. Zarto mai ƙananan haƙora, da akwatin katako mai tsaga da ke riƙe zarton a karkace, da matsi, da ƙaramar guduma, da almasa, wato abin yankan gilashi mai ɗan lu'ulu'u a baki. Almasa da kunne ake aiki da ita. In tana tafiya daidai za ka ji tana kuka siriri ba yankewa. In ta yi gurnani, ka ɓata gilashin. Kuma ba a bin layi ɗaya sau biyu. Wata takwas na yi kafin Ammi Salim ya yarda in riƙe ta, kuma tabon da ke babban yatsana na ranar farko ne.

Ammi Salim yana da doka a kan inda ake ajiye kaya. Duk abin da ke ɗauke da sunan Allah, ko hoton Harami, kantar sama. Takardun shaida da hotunan iyali, tsakiya. Hoton mai rai da ba dangin kowa ba, irin su doki da tsuntsu da mace ɗauke da tulu, durowar ƙasa, a kife. Ba a ɗora komai a kan aya. Shekarar yaƙin Kuwait, da mutanen Yaman da yawa suka koma gida, shi ma ya tafi. Ya bar mini almasarsa da dokarsa. Kafili, wato ɗan ƙasar da shagon ke da sunansa, ya gyara mini takarduna ya damƙa mini shagon.

Yawancin cinikina na alhazai ne. Ayatul Kursiyyu, da sunayen Allah, da hoton Ka'aba, a kwali suke zuwa, ɗari-ɗari. In ɗaya ta yage sai in zaro wata. In kwali ya ƙare sai in buga wa mai sari waya a Balad, tsohuwar kasuwar gari, da safe wani ya iso. Shekara da shekaru a haka, har ya zauna mini a kai cewa duk abin da aka buga a takarda yana da 'yan'uwa a wani kwali. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikin farko da na yi wa Ustaz Hashim a cikin kwali mai kamar bututu ya kawo shi. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su hajji, suka zauna a bakin Nilu. Hausarsa rabi Larabci ce. Yana yi wa wani ɗan kasuwa sayen yadi da takalma, kuma da yake a lokacin 'yan ƙasa ba sa zuwa Tailan cikin sauƙi, shi mai fasfon Sudan ake aikawa Bankok sau uku ko huɗu a shekara. Ya warware takardar a kan tebur. Ɓauna ce tsaye cikin ruwan gonar shinkafa, da mutum a bayanta sanye da malfa. Launi uku kawai, baƙi da kore da jan ƙasa. Na gama cin wake da burodi ke nan, na kai hannu.

"Usta Sale! Hannunka!" in ji shi. Usta ake kiran mai sana'a a nan.

Sai da ya sa na wanke hannu da sabulu sau biyu. Na dawo na jawo salatif zan manne ta a kwali kamar yadda nake yi wa kowa.

"Ya zol, kashe ni kake so ka yi?" Zol shi ne mutum a bakin 'yan Sudan.

Ranar kwastoma ne ya koya wa mai shago aiki. Ya nuna mini yadda ake dama garin shinkafa ya zama gam mara ƙarfi, a yanki 'yar siririyar takarda biyu a rataye hoton ta sama kawai, don in ɗanshin Jidda ya shige shi ya samu wurin motsi. Ya ce gilashi kada ya taɓa fuskar hoton, a sa kwali mai taga a tsakani. Ya ba ni farar safar hannu ya ce in riƙa sawa. A gefen ƙasa na ga wani rubutu da fensir, na ɗauko abin gogewa zan tsabtace masa, kyauta. Ya riƙe mini hannu.

"Wannan sa hannun matar da ta yi zanen ne. Wannan kuma tara, wannan arba'in."

A lokacin ban iya karatu ba, ko na boko ko lissafinsu, sai na gyaɗa kai. Ya shiga yi mini bayani. Matar a arewacin Tailan take. Tana sassaƙa zanen a jikin katako, ta shafa tawada, ta ɗora takarda ta murza da hannu, kowane launi da katakonsa. Tana yin guda arba'in, ta sa wa kowace lamba, sannan... Daidai nan motar alhazai ta tsaya a ƙofar shago. Na ce masa ina zuwa, na fita na sayar da birwaz goma sha ɗaya. Abin da ya biyo bayan "sannan" ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Ya ce a wurin gwanjo yake sayensu. Ni gwanjon da na sani shi ne na haraj a kudancin gari, inda dillali ke hawa bayan mota yana ihu a kan tsohon firji. Na tambaye shi riyal nawa, har da bututun. Ya yi dariya ya ce nasu ba haka yake ba. Wata guda kafin ranar ake aiko littafi mai hotunan kayan. Ɗaki ne mai sanyi, kowa a zaune da ɗan allo mai lamba, ba mai ɗaga murya, allon kawai ake ɗagawa. In ba ya can, ta waya yake tayawa daga nan Jidda, wani lokaci gwanjon ma a Hong Kong ake yinsa. Sai ya ba ni tausayi, magidanci mai 'ya'ya huɗu yana sayen takarda ta waya. Da na koma gida na ba matata Hajara labari. Ta ce, "Kai fa, da kake kwaso matattun rediyo daga haraj? Nasa ko ba komai ana kallo."

Zanen ba ɗaya ba ne, jeri ne na guda bakwai, tun daga gyaran gona har sussuka. Shi kuma ya ɗora wa kansa cewa duk bakwai ɗin sai masu lamba tara. Na uku ya fito gwanjo har sau biyu ya ƙyale shi, don ɗaya ashirin da biyu ce, ɗaya talatin da ɗaya. Na ce masa, "Ustaz, ai ɓaunar ɗaya ce." Ya ce, "Kai ma birwaz ɗinka da na maƙwabcinka itace ɗaya ne." Duk wanda ya samu sai ya kawo mini, in sa safa, in dama garin shinkafa. Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka, har na zama mutumin da ake turo wa turawa da likitoci a ce, je wurin Usta Sale, shi ya iya takarda. Nakan karɓi yabon ban ce wa ya koya mini ba.

Na bakwai ya iso saura 'yan kwanaki a hau Arfa. Hoton mata uku ne suna sussuka. Ustaz Hashim ya shigo da lemo da kayan zaƙin nan basbusa kamar an yi masa haihuwa. Ya samu sabon gida a unguwar Safa, mai dogon bango a falo, yana so a cire shidan daga tsofaffin birwaz a yi wa duk bakwai ɗin iri ɗaya, siririn itace mara ado. Ranar Litinin ya kawo su. Muka cire su tare, na shimfiɗa su ɗaya kan ɗaya da farar takarda a tsakani, na jawo durowar ƙasa.

"Ƙasa?" in ji shi.

"Ustaz, masu rai ne. Kuma Jidda ce fa. Yaushe rabonka da ganin ruwa?"

Ya yi dariya ya ce na yi gaskiya. Washegari ya tafi hajji da mahaifiyarsa.

A lokacin shekarata ɗaya a makarantar manya. Na iya lambobi, na fara haɗa baƙaƙe, kuma ba abin da ke tsira daga gare ni. Lambar mota, kwalin madara, takardar wuta, duk sai na tsaya na karanta da ƙarfi. Hajara ta daina aike na kanti don daɗewar da nake yi.

Ranar Laraba tun da safe ake ruwa. Na buɗe shago duk da haka, don in haɗa kayan alhazai kafin su sauko. Da hantsi na ji ana ihu a titi. Na leƙa, sai ga ruwa ja yana gangarowa, ɗauke da tukunyar gas da ƙyauren wani gida. Shagona taki biyu yake ƙasa da titi, domin duk lokacin da aka zuba kwalta titin na ƙara tsawo, shagon yana nan inda yake. Ruwan ya fara zubowa ta matakala. Na samu kamar minti ashirin, kuma zan faɗa muku yadda na kashe su.

Na fara da ayoyin da ke kan tebur, kwali uku, na kai su kantar sama. Wannan ko yau aka sake shi zan fara yi. Sannan almasar Ammi Salim, na sa a aljihu. Sannan zarton lantarki, na ɗora shi kan kabad. Sannan sandunan birwaz masu ruwan zinariya, 'yan Italiya, dami biyu, don a idona su ne dukiyar shagon. Sannan littafina na makaranta. Sannan butar shayi.

Ruwa ya kai idon sawu lokacin da na tuna da durowar ƙasa. Kada wani ya ce na manta da ita, da ma mantuwa ce da sauƙi. Na durƙusa na jawo ta. Ruwa bai shiga ba tukuna, saura kamar yatsa biyu. Na ɗaga gefen takardar sama, na ga rubutun fensir ɗin nan, kuma a karon farko a rayuwata na karanta shi da kaina. Tara, layi, arba'in. Har daɗi na ji. Na ce a raina, to, saura talatin da tara, in ta lalace a aiko wata. Na duba kantar sama na ga ta cika, kuma ba zan ɗora ɓauna a kan aya ba. A gefen durowar na ga farar safar hannun da ya ba ni. Na ce wannan kam ba a samunta a Balad. Na ɗauke safar, na tura durowar na rufe ta da kyau, na haye benen maƙwabci.

Ruwan ya wuce tebur. A wasu unguwannin mutane sun rasu a ranar, motoci sun hau kan juna, iyalai sun kwana a kan rufi. Na sani abin da ya same ni ƙarami ne a cikin abin da ya samu gari. Amma labarin sana'a nake ba ku.

Sai ranar Asabar, washegarin Sallah, na iya shiga. Durowar ta kumbura, da ƙarfe na ɓalle ta. Takardun bakwai sun manne sun zama abu ɗaya, da laka a kowane gefe. Mai hankali da ya tsaya nan ya jira mai kaya. Ni na kai su saman bene, na raba su da wuƙar kicin, na shanya a rana kamar kuɓewa. Suka bushe suka yamutse, wajen da wuƙa ta bi ya ɗaye. Sai na ɗauki na bakwai, sabon, na ce bari in gyara ko ɗaya ne. Na jona dutsen gugar Hajara.

"Malam, wannan fa ba jallabiya ba ce," in ji ta.

Na ce mata ta bar wa masu sana'a sana'arsu. Zafin ya gasa lakar a cikin takardar, matan nan uku suka koma launin ƙanzo.

Ustaz Hashim ya zo bayan kwana biyar, kai a aske, da galan ɗin zamzam da ledar dabino. Na yi masa barka da sauka, ya yi mini jaje, ya tambayi Hajara da yara. Sannan ya dubi inda durowar take. Na ɗauko takardun na shimfiɗa masa a tebur, na yi maza na riga shi magana.

"Ustaz, kada ka damu. Na karanta da kaina, arba'in ne. Ka buga waya a aiko wasu, aikin birwaz kuma a kaina."

Ya jawo kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallonsu.

"Usta Sale, wa ya koya maka karatu?"

"Makarantar manya."

"Masha Allah. Daidai suka koya maka. Arba'in ne." Ya shafa kansa. "In ta gama arba'in ɗin, sai ta ɗauki abin sassaƙa ta tsaga katakon daga wannan kusurwa zuwa waccan, don kada a sake bugawa. Matar kuma ta rasu, shekara huɗu ke nan. Talatin da taran suna bangon mutane. Mai lamba tara kuwa, ɗaya ce kowanne. Na gaya maka tun ranar farko."

"Motar alhazai ce ta tsaya, Ustaz."

"Na tuna."

Ya tashi ya je gaban kantar sama. Ya taɓa kwalin ayoyin ya ce, "Wannan babu magana, ni ma su zan fara ɗagawa." Ya dubi sandunan Italiya ya wuce. Sai idonsa ya sauka a kan buta.

"Butar shayi ma ta samu wuri?"

"Sabuwa ce, Ustaz."

A duk maganganun da na yi tun da na zo ƙasar nan, babu wadda na so in mayar ciki kamar wannan. Ya yi ta dariya har yana share ido da gefen rawanin da ke kafaɗarsa. Ban san irin dariyar ba, ban kuma taya shi ba. Da ya lafa ya ɗaga na bakwai ya shinshina.

"Wannan kuma wuta ce ta tashi a cikin ruwan?"

"Guga na yi masa."

"La haula. Ya zol, tawadar nan ta mai ce, takardar kuma da ruwa ake yinta tun asali. Da ka bar su a jiƙe cikin ruwa mai tsabta ka neme ni, da an ceci uku ko huɗu. Ambaliya ta yi rabin aiki, kai ka ƙarasa."

Na ce ya faɗi kuɗinsu. Ya ce, "In na faɗa ba za ka ci abinci yau ba. Malesh, ba komai." Ya naɗe shida ya sa a bututunsu. Wanda na yi wa guga ya bar shi a tebur ya ce, "Riƙe wannan. Aikinka ne, har sa hannunka yana kai." Ya bar mini zamzam ɗin da dabinon ya tafi.

Bayan fitarsa na ɗauko ma'auni na auna, don in san iyakar wautata. Takardun bakwai da abin da ke tsakaninsu ba su kai kaurin ɗan yatsa ba. In an sauke dami ɗaya na sanduna, wurin ya ishe su a gefen ayoyin, ba a kansu ba. Dokar Ammi Salim cewa ta yi kada a ɗora komai a kan aya. Ba ta ce a bar amanar mutum a ƙasa ba. Wannan ni na ƙara.

Yanzu in kun duba za ku ga kabad ɗin takardu daidai ƙirjina yake, ni na haɗa shi. Da ruwa ya sake shigowa bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, garin katako kawai ya tarar a ƙasa. Duk wanda ya kawo mini takarda kuma, ko yaro ne da zanen makaranta, sai na tambaye shi, akwai wani irinsa? Kuma ina tsayawa in ji amsar har ƙarshe, ko mota nawa ce ta tsaya a waje. Wancan hoton mai launin ƙanzo da kuke tambaya ko taswira ce, shi ne na bakwai. Ni na yi masa birwaz, kuma ku ɗaga shi a rana, ba za ku ga haske ta kusurwa ba.

Ustaz Hashim muna gaisawa in mun haɗu a masallacin Juma'a, yana tambayata karatu. Na ji har yanzu yana ɗaga allo a Bankok. Takardunsa wurin wani ɗan Filifin a arewacin gari yake kai su, kuma ni ma da ni ne shi, can zan kai.

Ga abin da ruwa da ni muka ci a shagon nan. Gilashi faranti goma sha huɗu. Kwali mai taga, duka. Tebur ɗaya, durowa ɗaya, dutsen guga ɗaya. Zane bakwai masu lamba tara. Shekara goma sha ɗaya ta mutumin da ya yarda da ni, da mutumin kansa. Sandunan Italiya sun tsira, buta ta tsira, har yanzu da ita nake dafa muku shayi. Farar safar hannu kuma tana nan, ko ɗigo bai taɓa ta ba.